Bango Ɗaya, Ƙofa Biyu: Yini a Tudun Langside

Mai son ganin kudancin Gilasgo sai ya haye kogin Clyde. Jirgin ƙasa ya sauke mu a tashar Queen's Park da hantsi, ni da ɗan ƙanwata da ke karatun zanen gine-gine a birnin, muka miƙe titin Victoria Road a ƙasa. Titin 'yan kasuwa ne: ga mahautan halal, ga shagunan 'yan Pakistan masu yadi da kayan yaji, ga masu gyaran waya da wuraren shan shayi. Bisa shagunan kuma benaye ne na dutse, sun jeru kafaɗa da kafaɗa har inda titin ya ci karo da ƙofar makeken lambun da tashar ta ci sunansa. Joseph Paxton ne ya tsara lambun, mutumin da ya zana katafaren zauren gilashin da aka yi bajekolin duniya a cikinsa a Landan a 1851. Sarauniyar da lambun ya ci sunanta kuwa Maryamu ce ta Sikotland, ko da yake a zamanin Sarauniya Biktoriya aka yi shi. A gefen wannan tudu na Langside dakarunta suka sha kashi a hannun ɗan ubanta, Moray, ranar 13 ga Mayu, 1568, a yaƙin da bai kai awa guda ba. Daga nan ta gudu Ingila neman mafaka, aka tsare ta kusan shekara 19, aka fille mata kai a 1587. Mai fita ta ƙofar kudu zai tarar da doguwar hasumiyar tunawa da yaƙin, da zaki a ƙolinta, an kafa ta a 1887.

Kafin mu gangara sai da muka tsaya a ƙololuwar lambun, inda aka kafa sandar tuta, domin daga nan ake gane abin da ya kori attajiran Gilasgo daga tsakiyar gari. Birnin duka yana shimfiɗe ta arewa, duwatsun Campsie na bayansa. A 1801 mutanensa kimanin 77,000 ne. Zuwa 1851 sun haura 300,000. Masaƙun auduga, maƙerun ƙarfe, masana'antun sinadarai da wuraren ƙera jiragen ruwa suka cika kwarin, kowanne da dogon bututunsa yana aman hayaƙin kwal. Kwalara ta shigo a 1832, ta dawo a 1848, ta sake dawowa a ƙarshen 1853. Tsabtataccen ruwan tafkin Katrine bai iso birnin ba sai 1859. Iskar ƙasar galibi daga yamma da kudu maso yamma take kaɗawa, tana kora hayaƙi gabas, don haka duk wanda aljihunsa ya yi nauyi sai ya nemi tudu ta yamma ko ta kudu. Langside a lokacin ƙauye ne a bayan gari, sai a 1891 aka shigar da shi cikin birnin.

'Yar tafiya kaɗan daga hasumiyar akwai titin Mansionhouse Road, mai manyan itatuwa da gajerun katangun dutse. Gidan da muka zo gani shi ne mai lamba 25 da 25A, wanda mutanen garin ke kira Double Villa. Alexander Thomson ne ya zana shi, aka gina tsakanin 1856 da 1857. Akwai iyalai a ciki, don haka iyakar baƙo bakin titi, kuma a nan muka tsaya.

Na riga na ga zanensa a takarda, na san gida biyu ne. Duk da haka ido ba ya yarda. Abin da ke gabanka gida ɗaya ne, babba, na wani mai hali, hawa biyu, na sassaƙaƙƙen dutsen yashi mai launin ƙasa-ƙasa da hayaƙin shekaru ya ɗan dusashe. Rufinsa kwance yake, bai yi tsini irin na gidajen Turawan arewa ba, bakinsa ya zarce bango sosai yana jefa inuwa. Ƙofar shiga ɗaya ce tak, a ƙarƙashin 'yar rumfar dutse. Ta gefe guda ginin ya yi ado: ɗakin ƙasa ya turo gaba, bangonsa ya koma jerin ginshiƙai masu kusurwa huɗu da gilashi a tsakaninsu, a sama ma wani jerin tagogin ne a ƙarƙashin goshin rufi. Ta ɗaya gefen kuma ginin ya kame kansa: bango mai faɗi, ƙananan tagogi, babu kwalliya. Daga can gefe ga wani gajeren sashe da ya rusuna, irin wurin da ake sa kicin da wanki. A saman duka ga bututun hayaƙi masu buɗaɗɗen baki kamar fure. Ɓangarorin ba su yi daidai da juna ba, amma babu wanda ya danne wani.

"Kawu, ka ga gefen nan marar ado?" in ji yaron. "Bayan gidan maƙwabci ke nan. In ka zagaya can, abin da kake gani a nan shi za ka sake gani, ba ragi ba ƙari."

Dabarar ke nan gaba ɗaya, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Gidaje biyu masu bango ɗaya ba baƙon abu ba ne a Birtaniya, miliyoyi ne. Yadda aka saba yin su shi ne a zana ɗaya, a kifa zanen kamar a madubi, a manna su. Sai ka ga ƙofa biyu gefe da gefe, taga nan taga can, bututun ruwan sama ya sauko ta tsakiya ya raba su. Mai wucewa daga nesa ya san rabin gida kowa ke ciki. Thomson ya ƙi madubin. Ya ɗauki zanen gida ɗaya ya juya shi a kwance, gaba ya koma baya, sannan ya jingina shi da ɗan uwansa. Ɗaya ya fuskanci gabas, ɗaya yamma. Kowace fuska ta ginin sai ta zama haɗin gaban gida ɗaya da bayan ɗayan, kuma fuskokin biyu iri ɗaya ne sak. Bayan gida, wanda magina suka saba ɓoyewa don ba shi da kyan gani, a nan ya zama shi ke ƙara wa gaban maƙwabci faɗi da kwarjini. Kowane iyali kuɗin rabin gini ya biya, amma baƙonsa in ya iso ƙofa cikakken gida yake gani.

Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gadon gida a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san inda gardama take tsayawa. Faɗin fili mai sauƙi ne, tef ke raba shi. Zaure ne ba ya rabuwa. Ɗaya zai tashi da zauren da aka san mahaifinsu da shi, da dakalin ƙofar gida, da sallamar baƙi. Ɗayan a ja masa katanga, ya fasa ƙofa ta lungu, 'ya'yansa su taso ana ce musu 'yan gidan baya. Ƙafa nawa aka ba kowa daidai ne, amma zuciya ta san ba a yi daidai ba. Abin da ya kama ni a ginin Thomson shi ne babu gidan baya a cikinsa. Kowa na da gabansa da rumfar ƙofarsa da lambun da manyan tagoginsa ke kallo. Maigidan nan zai fita da safe ba tare da ya yi kiciɓis da maigidan can a bakin ƙofa ba, matan gidan ba su ƙirga baƙin juna. Rana ma an raba ta: falon ɗaya na shan hantsi, na ɗayan na shan la'asar, kuma a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba wannan rabo ne mai daraja.

Ba zan ce tsarin ba shi da tsada ba. Ƙananan tagogin bayan maƙwabcinka a kan lambun gabanka suke buɗewa, naka ma a kan nasa; sirrin da aka samu a ƙofa an ɗan rage shi a taga. Kuma titi ɗaya ne ke gaban ginin, don haka dole iyali ɗaya ya bi ta gefe ya zagaya kafin ya kai ƙofarsa. Na auna waɗannan a tsaye a wurin, na ga ba su kai nauyin abin da aka samu ba. Tagogin bayan ƙanana ne, na ɗakunan da ba a zaman hira a cikinsu, kuma wanda ya zagaya ya tsira daga ƙarar titi da idon masu wucewa irinmu.

Yaron ya ja hankalina ga abin da babu a ginin. Ko ina ka duba ba za ka ga baka ba, ko a ƙofa ko a taga. Komai tsaye ne da kwance: ginshiƙi, a ɗora masa linta, shi ke nan. A shekarun da aka yi wannan gida Birtaniya ta kamu da son farfaɗo da salon tsofaffin majami'u, mai bakuna masu tsini da dogayen hasumiyoyi. Thomson ya tsaya kai da fata a kan kishiyar haka. Hujjarsa ita ce baka kullum tura bangon da ke riƙe da ita take yi, sai an tokare ta, alhali dutsen da aka shimfiɗa a kan ginshiƙi biyu zaune yake lafiya. A laccar da ya yi a 1866, yana sukar zanen da George Gilbert Scott na Landan ya yi wa sabuwar Jami'ar Gilasgo, har cewa ya yi tsayayyun duwatsun Stonehenge sun fi babbar majami'ar York bin ƙa'idar gini. Ya zafafa, domin bakunan York sun shekara ɗaruruwa ba su faɗi ba. Amma taurin kan nan shi ya kai shi ga abin da ba kowa ya gano ba a zamaninsa. In bango ya zama ginshiƙai da linta, to taga ta daina zama rami da aka huda a jikin bango. Gilashi sai ya koma labule a bayan dutse, haske ya shigo ɗaki daga wannan kusurwa zuwa waccan. Zamani ma ya taimake shi: an soke harajin gilashi a 1845, aka soke harajin taga a 1851, manyan fallayen gilashi suka yi araha. Shi ya sa masana da yawa in sun ga kwantattun rufinsa da jerin tagoginsa sukan tuna gidajen da Frank Lloyd Wright ya zo ya yi a Amurka bayan kusan rabin ƙarni.

Mutanen garin sun yi wa Thomson laƙabi da Bagirke, amma bai taɓa taka Girka ba, bai ma taɓa ƙetare teku zuwa wata ƙasa ba. An haife shi a ƙauyen Balfron a 1817, ɗan akawun masaƙar auduga. Iyayensa sun rasu yana yaro, ya tashi a Gilasgo yana neman na kansa tun da wuri. Girka da Masar da Assuriya duk a littattafai ya gan su, da zanen gine-ginen Schinkel na Balin, da hotunan John Martin masu nuna biranen da ke cikin Baibul. Dattijon coci ne mai riƙo da addininsa, kuma ya ɗauki ƙa'idojin gini a matsayin dokokin da Mahalicci ya shimfiɗa, aikin magini ya gano su ya bi. A shekarun da yake zana gidajen tudu irin wannan ya binne 'ya'yansa ƙanana da dama, lokacin yana zaune a unguwar da ke kusa da kogi. In na tuna haka sai manyan tagogin nan da iskar tudun su daina zama kwalliya kawai a idona.

A 1856, shekarar da aka fara wannan gida, ya haɗa kamfani da ƙanensa George. George ɗin nan ya bar sana'ar a 1871 ya tafi Kamaru aikin mishan, da burin gina wurin jinya da hutu a kan dutsen Kamaru domin 'yan mishan da zazzaɓin bakin teku ke kayarwa. A can ya rasu a 1878, a garin Victoria da yanzu ake kira Limbe. Alexander kuwa ciwon asma da na ƙirji suka ci ƙarfinsa; yana shirin tafiya Italiya neman sauƙi ajali ya riske shi a 1875, a gidansa na Moray Place, jerin gidajen da shi ya zana su. Abokansa suka tara kuɗi suka kafa tallafin tafiye-tafiye ga matasan masu zanen gini da sunansa. Wanda ya ci shi a 1890 shi ne Charles Rennie Mackintosh, ya je ya ga Italiyar.

Cikin Double Villa ba a shiga, amma an san kamanninsa, domin kamfanin ɗab'i na Blackie ya fitar da zanensa da bayaninsa a littafin Villa and Cottage Architecture a 1868. Ɗakin cin abinci a ƙasa yake, babban falon karɓar baƙi a sama, yadda masu hali na Gilasgo suka saba. Katakon fayin aka zaɓa aka yi aikin cikin da shi, ba a rufe shi da fenti ba, man sheƙi kawai aka shafa don jijiyar icen ta fito, aka yanka ado da jan katakon mahogani aka manna a kai. Kicin da wurin wanki suna gajeren sashen nan na gefe. A can 'yan aiki suke, galibi 'yan mata daga ƙauyuka, masu tashi kafin kowa su kwashe toka, su ɗebo kwal, su hura murhun kowane ɗaki. Yawan bututun da ke saman rufin yawan aikinsu ne. Adalcin da Thomson ya yi tsakanin iyalai biyu bai gangaro zuwa wannan sashe ba, kuma tsayin rufinsa ma ya faɗi matsayin masu kwana kusa da shi.

Don mu ga irin cikin da idonmu, da azahar muka bi kudu zuwa Cathcart, gefen kogin White Cart, inda Holmwood yake. Thomson ya gina shi tsakanin 1857 da 1858 domin James Couper, mai masana'antar takarda a bakin kogin. Gidan iyali ɗaya ne, ya fi na Langside kuɗi da ƙawa, amma hannu ɗaya ne a bayyane. Ɗakin zaman da ya turo gaba a nan zagayayye ne, ginshiƙan dutse sun kewaye shi, gilashin yana tsaye daban a bayansu, har kana iya ganin tazarar da ke tsakani. Matakalar bene tana hawa cikin ɗan duhu sannan ta buɗe a ƙarƙashin wata ƙubba mai zubo haske. A ɗakin cin abinci, can sama kusa da silin, akwai jerin hotunan yaƙin Taroy da aka ɗauko daga zanen John Flaxman. Gidan ya yi shekaru a hannun wasu mata masu hidimar coci suna makaranta a wurin, bangayen suka sha fenti da takardar ado shafi kan shafi. Da National Trust for Scotland ta karɓe shi a 1994 sai masu gyara suka riƙa kankare shafin a hankali, launukan asali suka fito: ja mai duhu, ruwan zinariya, shuɗi. Na daɗe a ɗakin nan. Wanda ya ga dutsen waje kawai zai zaci mutumin ba ya son launi, alhali ciki ya ajiye shi.

Holmwood da Double Villa duka suna rukunin A a rajistar gine-ginen da doka ta kare. A Sikotland rukunai uku ne, A da B da C, a Ingila kuma lambobi ake amfani da su. Gine-gine kimanin 47,000 ne a rajistar, 'yan rukunin A ba su kai ɗaya cikin goma ba. Hukumar Historic Environment Scotland ce ke sa gini a ciki, ƙarƙashin dokar 1997, majalisar birni kuma ita ke ba da izinin taɓa shi. Gidan naka ne, kana iya sayarwa, ba a tilasta maka buɗe wa kowa ƙofa. Amma duk aikin da zai sauya kamanninsa sai da izini, ciki da waje: cire tsohuwar taga a sa ta roba, rushe bangon ɗaki, ɓamɓare katakon ado, sauke bututun hayaƙi. Wanda ya yi gaban kansa laifi ya aikata, kotu na iya cin sa tara, a kuma sa shi ya mayar da abin yadda yake.

A gidan iyali ɗaya wannan nauyi ne na mutum ɗaya. A Langside kuwa nauyin ya ɗaure gida biyu wuri guda, kuma tsarin ginin ya ƙara tsananta ɗaurin. Tunda bayan gidanka rabin fuskar maƙwabcinka ne, in ka yi sakaci da tagar kicin ɗinka gaban gidansa ka ɓata. In ɗaya ya wanke dutsensa ya yi fari ɗayan ya bar nasa, layin da Thomson ya ɓoye zai fito fili, gida ɗayan nan ya koma rabi biyu. Ruwan sama kuma bai san iyakar mallaka ba. Gilasgo na cikin biranen Birtaniya mafi yawan ruwa, kwantaccen rufi ba ya saurin zubar da shi kamar mai tsini, falle ɗaya na dutsen rufi in ya zame ta wannan gefe danshin na iya ɓullowa a silin ɗin wancan. Yaron ya yi mini bayanin dutsen yashi da zafin wanda abin ke damunsa.

"Dutsen nan numfashi yake yi, Kawu. Yana shan ruwa yana fitarwa. Magabata da kwaɓin farar ƙasa suka haɗa shi, ruwan ya bi ta nan ya fita. In aka cusa siminti sai ruwan ya rasa hanya, sanyi ya daskarar da shi a ciki, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa."

Haka aka lalata gine-gine da yawa a birnin da niyyar gyara, haka ma wankin da aka yi wa wasu da sinadari ko feshin yashi a shekarun 1970 da 1980 ya cinye musu fata. Gyaran gaskiya yana buƙatar masassaƙin dutse da kafinta da mai aikin darma waɗanda suka san tsohuwar hanya, kuma ba su da araha. Ana samun tallafi wani lokaci, amma yawancin kuɗin daga aljihun masu gida yake fita. Ina ganin mutanen da ke cikin irin wannan gida suna yi wa birnin hidimar da ba a cika gode musu ba.

Cewa gidan ya kai yau ma ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun 1960 Gilasgo ta rushe unguwanni sukutum, ta ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyarta, gine-ginen Thomson da yawa suka tafi a lokacin da ake ganin duk abin da aka gina zamanin Biktoriya baƙin tarkace ne. Guguwar Janairun 1968, wadda ta kwashe rufin dubban gidaje, tana cikin abin da ya juya tunanin mahukunta daga rushewa zuwa gyarawa. Ƙungiyar kare ayyukan Thomson, wadda masanin tarihin gini Gavin Stamp ya jagoranci kafawa, sai a 1991 ta zo. Daga manyan majami'unsa uku na birnin, ta Queen's Park bam ɗin Jamus ya ƙone ta a 1943, ta St Vincent Street ce kaɗai ke tsaye da rufinta. Ta Caledonia Road, wadda aka gina a shekarun da aka gina Double Villa, inda shi kansa yake ibada, an ƙone ta a 1965 bayan an watse an bar ta. Mun bi ta gabanta da yamma a unguwar Gorbals: hasumiya da ginshiƙai suna nan, rufi babu, motoci na wucewa ta kowane gefe. Ita ma rukunin A ce. Haka wani gininsa, Egyptian Halls da ke Union Street, wanda benayensa na sama suka shekara da yawa babu kowa, ƙarafan tokare sun rufe masa fuska. Takardar doka iri ɗaya ce a kansu duka. Abin da gidan Langside ya fi su da shi mutane ne masu kwana a ciki, waɗanda in ruwa ya ɗiga a daren Talata za su kira mai gyara da safiyar Laraba. Raba shi biyu ma ya taimaka, domin manyan gidajen zamanin da yawa sun fi ƙarfin iyali ɗaya bayan an daina ajiye 'yan aiki, aka mayar da su ofisoshi ko aka yayyanka su ɗaki-ɗaki ko aka rushe. Wannan tun ran gini an yanka shi daidai ƙarfin iyali.

A hanyar komawa na tambayi yaron abin da ya hana dabarar yaɗuwa. Littafin 1868 ya zagaya duniya, har a Adelaide ta Ostareliya an gina kwafin Holmwood a 1885, amma gidaje masu bango ɗaya da suka cika bayan biranen Birtaniya tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu kusan duk na madubi ne. Ya ce lissafin ɗan kwangila ne. Juyayyen gida yana son fili mai zurfi, da lambu na sosai gaba da baya, da hanyar wucewa ta gefe. Mai gina gida ɗari a jere yana son kowace ƙofa ta kalli titi, kicin da banɗaki su haɗa baya ta gefe guda, bututu ɗaya ya kwashe ruwan gida biyu. A tsarin Thomson kicin ɗaya na wannan ƙarshe, ɗayan na wancan, komai sai an ja shi sau biyu.

Na yarda da lissafin, ga mai gina ɗari. Amma wanda zai gina biyu kacal, wa da ƙane a fili ɗaya, ko uba mai son ya bar wa 'ya'ya biyu abin da ba za su yi shari'a a kansa ba, ƙarin da zai biya bai wuce na bututu da 'yar hanyar gefe ba. Na ce wa yaron in ya gama karatu ya dawo gida, wannan zanen ya fara nuna wa duk wanda ya zo masa da irin wannan buƙata. Ya ce sai dai a ƙara wa bakin rufin faɗi, a kuma juya manyan tagogin su kalli kudu da arewa, don ranar yammacin Kano ba ta Gilasgo ba ce.